Zango, cin iyaka da wuce gona da iri: amsa ga wani matashi a Nima

Wani matashi ya rubuto mini daga Nima, a nan Accra. Aikinsa haɗa intanet a makarantu da shaguna, kuma yana rubuta wata ƙaramar manhaja da ake sarrafa ta da rubutaccen umarni a baƙin allo, babu hotuna, babu abin latsawa. Aikinta lissafin adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a intanet: ta raba su, ta nuna wanda aka bayar da wanda ya rage. Yana so umarnin da saƙonnin kuskure su kasance da Hausa saboda yaran da yake koya wa aiki. Ya tambaye ni ko zai iya kiran jerin adireshi daga na farko zuwa na ƙarshe "zango", da abin da zai kira lambar nan da ke bin bayan karan tsaye kamar /24, da kuma ko "gida biyu maganin gobara" ya dace da lokacin da jeri biyu suka hau kan juna.

Ɗana, wasiƙarka ta faranta mini rai, kuma da zango zan fara, domin a cikinsa muke zaune.

Zango a asali wurin da ayari ke sauka ne. A da, fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja sukan yada zango idan rana ta yi, madugu ya sa a sauke kaya, a kwana, da asuba a tashi. Daga nan kalmar ta ɗauki ma'ana ta biyu, wato tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, shi ya sa ake cewa an ci dogon zango, ake kuma cewa zangon karatu. Unguwanninmu sun gaji sunan ne daga ma'anar farko. Bayan yaƙin basasar 1892 a Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja, fatake da yawa sun watsu, waɗansu suka nufo Kumasi da Accra, masauki ya zama gida, bakin mutanen ƙasa kuma ya mai da kalmar Zongo.

To, ka ga ko'ina ka juya zango akwai tafiya a cikinsa. Jerin adireshi kuwa ba ya tafiya ko'ina, yanki ne mai farko da ƙarshe. Don haka ban yarda da zango a nan ba. Amma kada ka jefar da kalmar, tana da gurbinta a sana'arku. Saƙon da ya tashi daga kwamfutarka a Nima yakan sauka a na'ura, ta miƙa shi ga ta gaba, ita ma ta miƙa, har ya isa. Kowace sauka zango ce. Idan wata rana ka ƙara umarnin bin sawun saƙo, ka rubuta "zango na 1, zango na 2", kowane Bahaushe zai gane ba tare da an yi masa bayani ba.

Jerin kansa ka kira shi fili. Fili ake mallaka, ake yankawa, ake rikici a kansa, kuma haka adireshin IP yake. Tsarin adireshin da ake kira IPv4 na da bit 32, kowane bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1, wato adireshi 4,294,967,296 ke nan duk duniya, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare a watan Fabrairun 2011. A Afirka hukumar AFRINIC da ke Mauritius ce ke yanka wa kamfanoni rabonsu. Filayen da kai kake aiki da su a makarantu, irin su 192.168.0.0/16 da 10.0.0.0/8, an keɓe su ne don cikin gida, kowa na iya amfani da su bayan katangarsa.

Lambar bayan karan tsaye, ka ce wani ya ba ka shawarar "takunkumi". A'a. Takunkumi abin ɗaure bakin dabba ne, daga baya aka ara shi ga ƙyallen rufe hanci da kuma hukuncin da ake ƙaƙaba wa ƙasashe. Duk ma'anoninsa hanawa ne. Ita kuwa /24 cewa take yi bit 24 na farko sunan unguwa ne, 8 da suka rage lambar gida, wato gidaje 256, a cire na farko da na ƙarshe da ba a ba kowa, saura 254. Aikin gamba take yi a gefen gona. Ka kira ta alamar iyaka.

A kan umarnin rabawa ina da gargaɗi. Mai tumatir a kasuwar Nima kasa shi take yi kashi-kashi, kuma da a magana ce, "kasa" ta dace da yanka /24 zuwa /26 guda huɗu masu adireshi 64 kowanne. Sai dai a rubuce ba a bambanta ta da "kasa" ta gazawa, wadda ake jan wasalinta na farko, kuma mai allon rubutun da ba shi da ƙ zai rubuta ƙasa ma haka. Yaro ya ga "an kasa fili" ba zai san ko an yi aikin ko an gaza ba. Yi amfani da "raba". Idan za a cire wa wani ofis rabonsa a ajiye, "ware". Haɗe ƙananan filaye su koma babba kuma "haɗa", amma manhajar ta karɓi "hada" ma.

Saura karin maganar. "Gida biyu maganin gobara" yabo ne ga mai tanadi: idan wuta ta ci ɗaya, ya koma ɗayan. Wurinsa shi ne makarantar da ta ja layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban. Abin da kake nufi ɓarna ce. Idan ka ba ɗakin kwamfuta 192.168.1.0/24, sannan ka ba ofis 192.168.1.128/25, na biyun yana cikin cikin na farko, kuma wata rana na'ura biyu za su tashi da adireshi ɗaya. Manoma sun daɗe da sa wa wannan suna: cin iyaka, wato maƙwabci ya tura garmarsa cikin gonarka kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi. Saƙonka ya ce "cin iyaka: fili na 2 ya shiga fili na 1".

Akwai kuma wanda ba ka tambaya ba, zan ba ka kyauta. "Wuce gona da iri" yau ana faɗinsa ga mai zaƙewa, har mutane sun manta hoton da ke ciki: mai shuka ne ya yi ta zuba iri har ya fita daga gonarsa. Wanda ya rubuta 192.168.1.300, alhali kowane kashi cikin huɗun da ɗigo ya raba ba ya haura 255, ko ya nemi adireshi 300 daga /24, abin da ya yi ke nan daidai. Ka sa manhajar ta gaya masa haka, sannan ta nuna masa adireshin ƙarshe na filin a layin da ke ƙasa.