Tambaya da Amsa: Wayoyin da suka yi saura bayan an sa wa mota ƙararrawar hana sata

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu da suka wuce na kai motata Toyota Corolla, mai giya otomatik, aka sa mata ƙararrawar hana sata irin wadda rimot ɗinta ke iya tayar da inji daga nesa. Makon jiya ina kaɗe shimfiɗar ƙasan mota sai na leƙa ƙarƙashin sitiyari, na ga wayoyi wajen bakwai suna reto, wasu bakinsu a buɗe, wasu kuma an dunƙule su da baƙin salatif wanda har ya fara warwarewa. Da na koma wurin wanda ya yi aikin sai ya ce ba su da amfani, idan ina so zai datse su daga tushe. In bari ya datse, ko in ƙyale su yadda suke? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a datse su daga tushe, kuma kada ka ƙyale su yadda ka gan su, domin duka hanyoyin biyu suna da ɓarna. Ragowar waya bayan irin wannan aiki ba laifi ba ne a karan kansa. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori suna yin su ne don su shiga motoci iri-iri, saboda haka suke haɗo su da wayoyin da babu motar da za ta buƙace su gaba ɗaya. A na'urorin Viper, alal misali, akwai koriyar waya ta ƙofar da makunninta ke taɓa bodi, wato ƙarfen jikin mota da ke haɗe da negetif na batir, idan an buɗe ta, kamar yadda yake a motocin Toyota, akwai kuma shunayya ta ƙofar da ke aiko da wuta, kamar wasu tsofaffin motocin Ford, kuma ɗaya kawai ake ɗauka a bar ɗayar. Haka nan akwai wayar da aka tanada don motar dizal, wadda ke sa na'urar ta dakata kafin ta tayar da inji, ga ta buɗe but, ga ta ƙarin wasu ayyuka da ba kowa ke so ba. Launukan suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka takardar da ta zo cikin kwalin na'urarka ita ce alƙali.

Inda na saɓa da mai aikinka shi ne cewar da ya yi ba su da amfani. Rashin amfani daban, rashin wuta daban. Wasu daga cikin wayoyin nan masu fitar da wuta ne, wato duk lokacin da ka danna rimot, wuta mai ƙarfin bol 12 takan biyo ta cikinsu ko da ba a haɗa su da komai ba, kuma ƙarƙashin dashbod cike yake da ƙarafa masu kaifi waɗanda dukansu bodi ne. Ranar da bakin irin wannan waya ya goga ƙarfe a kan hanya mai gargada, idan an yi sa'a fis ne zai ƙone, idan kuwa an haɗa na'urar ba tare da fis kusa da inda aka ɗebo wutar ba, robar wayar ce za ta narke, ta kama ta kusa da ita. Wasu kuma raunana ne ƙwarai, ƙarfin da suke ɗauka bai wuce miliamfa 200 ba, kuma taɓa wuta sau ɗaya ya isa ya ƙona wani sashe a cikin akwatin na'urar. Kashi na uku su ne masu kai wa na'urar labari. Idan wata daga cikinsu ta taɓa bodi, na'urar tana iya ɗauka an buɗe ƙofa ko bonet, sai jiniya ta kama ihu da tsakar dare babu ɓarawo babu dalili, har maƙwabta su saba da ihun su daina leƙowa, wanda hakan ya kashe amfanin da aka sa ta dominsa.

Salatif ɗin da ka ga yana warwarewa shi ma ba abin mamaki ba ne a ƙasarmu. Motar da aka rufe a rana a watan Afrilu, zafin cikinta yakan haura digiri 60, kuma gam ɗin salatif mai araha ba ya jure wannan. Da farko zai yi danƙo ya riƙa baƙanta yatsa, sannan ya zame daga bakin wayar, ƙurar hunturu ta zo ta ƙarasa shi. Mafi muni shi ne abin da aka yi maka na tara bakuna da yawa a naɗe su wuri ɗaya, domin a cikin dunƙulen nan tagullar wannan tana iya taɓa ta waccan ba tare da kowa ya gani ba.

Datsewa daga tushe kuwa tana barin guntun tagulla a jikin soket, kusa da juna, a wurin da ba za a iya rufe su da kyau ba, sannan tana toshe maka hanya nan gaba. Wata rana za ka so rimot ya riƙa buɗe but, ko ka sayar da motar ka mayar da na'urar kan wata wadda ke buƙatar wayar da aka yanke, a lokacin sai dai ka nemi sabon damin waya, wanda samunsa shi kaɗai ba tare da na'urar ba yana da wuya.

Aikin da ya kamata a yi bai fi na rabin awa ba. A fara cire kan batir na negetif. Sai a ɗauki wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana duba sunan kowace a takarda, a rage tsawonta a bar kamar taƙi ɗaya daga soket, a yanke bakin daidai yadda babu silin tagulla ko ɗaya da ya leƙo. Kowane baki a rufe shi shi kaɗai da bututun robar nan mai tsukewa idan ya ji zafi, a bar robar ta ɗan zarce bakin wayar, a matse ƙarshenta tun tana da ɗumi. Idan ba a samu ba, a lanƙwasa bakin wayar ya koma baya a naɗe shi da salatif mai kyau na aikin lantarki, a ɗora ɗaurin roba mai haƙora a kai don kada ya zame. Bayan nan ne za a tattara su dami ɗaya a ɗaure a jikin babban damin wayoyin motar, nesa da sandar sitiyari mai juyawa, nesa da birki da totur, domin wayar da ta sarƙe ƙafar direba ko ta hana birki dawowa haɗarinta ya fi na wuta saurin zuwa. Ina ba da shawarar a manna wa kowace ƴar takarda mai ɗauke da sunanta, saboda rewayan da zai buɗe wurin bayan shekara uku ba lallai ne ya zama wanda ya yi aikin ba. A kiyayi wayoyi da soket masu ruwan ɗorawa a wannan wuri, na jakar iska ne, ba a ɗaura komai a jikinsu kuma ba a soka musu fitilar gwaji.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna a tambayarka, shi ne yawan wayoyin. Tun da na'urarka tana tayar da inji, ka tabbatar cewa cikin bakwai ɗin nan babu waɗanda wajibi ne a haɗa amma aka tsallake don a gama da wuri. Biyu ne aka fi tsallakewa. Ta farko ita ce ta makunnin bonet, wadda ke hana inji tashi daga nesa muddin bonet yana buɗe. Ka ƙaddara bakanike ya zura hannu wajen fanbel, rimot kuma yana aljihunka ko a hannun yaro yana wasa da shi, za ka gane dalilin da ya sa aka yi ta. Ta biyu ita ce ta birki, wadda ke kashe injin da zarar wani ya taka birki ba tare da makulli ba, kuma ita ce ke hana wanda ya fasa gilashi ya tuƙa motar da ka tayar don sanyin kwandishan ya kama kafin ka fito. Gwada su ba ya buƙatar kayan aiki. Ka fito da motar fili, kada ka yi a rufaffen gareji saboda gubar hayaƙi, ka ɗaga bonet ka danna rimot, bai kamata inji ya tashi ba. Sai ka rufe, ka tayar da rimot, ka shiga ba tare da ka sa makulli ba ka taka birki, ya kamata ya mutu nan take. Idan ɗaya daga cikin gwajin biyu ya gaza, ka daina amfani da tayarwa daga nesa har sai an gyara.

Idan za ka koma, ka tafi da takardar na'urar, ka nemi ya nuna maka sunan kowace wayar da ya bari da dalilin barinta. In ya kasa, ka nemi wani rewaya mai aiki da mitar auna wuta. Bayan an gama, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 30 na'urorin motar su kwanta, sannan a auna wutar da ke fita daga batir. A mota irin taka, abin da ya wuce miliamfa 50 da yawa yana nuna akwai inda wuta ke zurarewa, kuma gara a gano shi a ranar da a bari sai batir ya fara kwana babu caji.