Idan kayan waje suka rufe masana'anta, wa ke kama wa ma'aikaci?

Tambaya: Malam, mahaifina ya yi shekara 19 yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, har aka rufe ta lokacin da atamfar waje ta cika kasuwa. Tun daga nan bai sake samun aikin albashi ba. An ce min a Amurka gwamnati na biyan irin waɗannan ma'aikata kuɗi. Gaskiya ne? Mu a nan fa, akwai irinsa?

Amsa: Allah Ya saka wa Baba da alheri, Ya sa wahalarsa ta zama kaffara. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin da saura.

Shirin da ake nufi shi ne TAA, wato tallafin gwamnati ga ma'aikatan da cinikin waje ya raba da aikinsu, wanda aka kafa a 1962 zamanin Shugaba Kennedy, aka faɗaɗa shi a dokar ciniki ta 1974. Hujjarsa mai sauƙi ce. Idan gwamnati ta rage harajin kwastan, kowa ya sayi kaya da araha, to ribar ta watsu ga jama'a, asarar kuwa ta taru a kan mutanen gari guda. Tunda gwamnati ce ta buɗe ƙofar, ita ya kamata ta ɗauki wani kaso na asarar.

Lokacin da shirin ke karɓar koke, ba kai tsaye ake samu ba. Ma'aikatan, ko ƙungiyarsu, ko kamfanin kansa, za su kai koke Ma'aikatar Ƙwadago, ita kuma ta binciki ko da gaske cinikin waje ne ya jawo sallamar. A nan gizo ke saƙa: daga 1962 har zuwa 1969 ba koke ko guda da aka amince da shi, saboda tsaurin sharuɗɗa. Wanda ya tsallake sai a biya masa kuɗin koyon sabuwar sana'a, a riƙa ba shi na cefane duk mako muddin yana karatun, wanda a tsarin 2015 kan iya kaiwa mako 130. Akwai kuma ɗan taimakon neman aiki da na ƙaura zuwa wani gari.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na dattawa. A wancan tsarin na 2015, mai shekara 50 ko fiye, idan ya karɓi aikin da albashinsa bai kai na da ba, gwamnati na cika masa rabin giɓin har tsawon shekara biyu, iyakarsa dala 10,000. Wannan ya san halin ɗan Adam. Mutumin da ya yi shekara ashirin gaban injin saƙa, hannunsa ya san zare ko a cikin duhu, ba lallai ne ya iya komawa aji da biro ba, amma zai iya karɓar aikin gadi ko tuƙi idan ba zai rasa na makarantar yara ba.

Ya yi amfani? Masana sun rabu. Wani bincike da Ma'aikatar Ƙwadagon ta sa aka yi, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa bayan shekara huɗu waɗanda suka shiga shirin ba su kamo takwarorinsu da ba su shiga ba a samun kuɗi. Wani na masanin tattalin arziki Ben Hyman kuma ya gano cewa a cikin shekara goma sun fi su da kusan dala 50,000. A nawa ganin, babbar matsalar ita ce ƙanƙantar shirin. Bayan China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, masana sun ƙiyasta cewa ayyukan masana'anta kusan miliyan guda suka salwanta a Amurka saboda gogayya da kayan China tsakanin 1999 da 2011, kuma kaɗan daga cikin masu su ne shirin ya kai gare su. Sannan ka koya wa mutum walda a garin da babu mai neman walda, me ka yi masa? A watan Yulin 2022 wa'adin dokar ya ƙare, majalisa ba ta sabunta ba, aka daina karɓar sababbin koke.

A Najeriya babu shiri irin wannan, kuma babu kuɗin zaman rashin aiki da ake ba kowa. Da gwamnati ta tashi ceto masaƙu, asusun naira biliyan 100 ta kafa ta hannun Bankin Masana'antu, kuma rance ne ga masu kamfani. Ma'aikacin da ke zaune a gida ba ya cikin lissafi.

Abin da Baba zai iya bi biyu ne. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama, don haka idan akwai haƙƙinsa da ya maƙale, a nemi takardar ɗaukarsa aiki da ta sallama a kai wa ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, hedikwatarta na nan Kaduna, ko a ga lauya kan zuwa Kotun Ma'aikata. Na biyu, idan aikinsa ya kai bayan 2004 kuma an buɗe masa asusun fansho, a je wurin kamfanin da ke riƙe da shi a duba. Wanda bai kai 50 ba kan iya cire kashi 25 cikin ɗari bayan wata huɗu ba aiki, wanda ya haura kuma yana da damar fara karɓar fanshonsa.