Tambaya da Amsa: Wai mene ne amfanin wil koba a mota?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah wannan murfin da ake sawa a tsakiyar tayar mota, wanda makanikai ke ce wa wil koba, yana da wani aiki ne ko dai ado ne kawai? Na ga hoton wata tsohuwar mota nata ɗan ƙarami ne kamar kofin shayi. Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai wancan ɗan ƙaramin da ka gani shi ne na asali, kuma tun kafin mota akwai shi, a keken doki na Turai da Amurka aka fara. Motocin farko tayarsu irin ta keken doki ce, sandunan katako ne suka tashi daga cibiya zuwa rim, a cikin cibiyar nan kuma boris yake, wato 'yan ƙarafan da taya ke juyawa a kansu, cike da giris, to in ka bar wurin a buɗe ƙura da ruwa za su shiga, giris ya zube, boris ya yi zafi ya cinye kansa, tunda hanyoyin lokacin yawanci ba kwalta. Shi ya sa suka yi murfi mai zare, murɗa shi ake yi ya zauna daram, a kwance shi in za a ƙara giris.

Motar Ford Model T da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927 haka take, farko murfin na tagulla ne daga baya aka koma shafa masa nikel, wani farin ƙarfe mai sheƙi, da sunan Ford a jiki. Nan fa kamfanoni suka gane ai wurin talla ne, kowa ya buga tambarinsa.

A shekarun 1930 da tayar ƙarfe zalla ta kori ta katako sai murfin ya faɗaɗa, aka daina murɗawa, bugawa ake ya maƙale ya rufe notuna, kamfanin motoci na Cadillac na cikin waɗanda suka fara rufe fuskar rim gaba ɗaya. Daga wajen 1970 roba ta fara karɓe wurin, ita ce wadda ake ɗaurewa da igiyar roba don kar rami ya cillar da ita.

Saboda haka ta yau galibi kwalliya ce, ko ta faɗi ba abin da zai samu motarka. Amma a motoci da yawa in ka cire ta za ka ga wani ɗan murfin ƙarfe a tsakiya, wannan kam in ya ɓata maza a sa wani, musamman da damina ko lokacin ƙurar hunturu.