Kumburin Ƙafa da Fitsari Mai Kumfa Bayan Doguwar Jinyar Tarin Fuka

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya daɗe yana fama da tarin fuka, ya sha magani ya daina, ya sake komawa. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, fitsarinsa yana kumfa. An gwada tsokar ƙodarsa aka ce amiloidosis ne, wai furotin ya taru. Nama ne ya jawo? Mu hana shi nama da ƙwai?
Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Nama bai jawo ba, kuma kada ku hana shi abinci sai likitansa ya tsara. Furotin ɗin nan jiki ne ke ƙera shi. Idan ya fito a murɗe, sai ya dunƙule ya zama zare-zare ya maƙale a ƙoda, zuciya, hanta ko jijiyoyi, kamar yadda laka ke toshe magudanar ruwa. Ƙodar da ya shiga takan riƙa zubar da furotin mai amfani cikin fitsari. Ga dalilin kumfar, ga dalilin kumburin.

Abin da na fi so ki tambayi likitansa shi ne: wane iri ne? Maganin kowanne daban. Irin da ake kira AA yana biyo bayan ciwon da ya daɗe yana ci a jiki, irin su tarin fuka, kuturta da ciwon ƙashi mai ruɓa. Labarin Baba ya fi kama da wannan, kuma a nan zuciyata take sosuwa, domin maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ne idan ba a tsallake ba. Irin AL daga ɓargo yake fitowa, ana yi masa magani irin na sankarar jini. Akwai kuma ATTR, wanda yakan kama zuciyar tsofaffi. Wani nau'insa na gado ne, kuma tushensa Afirka ta Yamma.

Idan AA ne, kashe tarin shi ne babban aiki, don taruwar ta tsaya. A sake gwada majinarsa, ko a cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye da ke Zariya. Likitocin ƙoda kuma suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ku rage masa gishiri da sinadarin ɗanɗano. Ina roƙonki, ku nisanta shi da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba.

Idan numfashinsa ya fara sarƙewa ko fitsari ya ragu, ku kai shi asibiti a ranar.