Tambaya da Amsa: Tsarin Aiki a Shagon Ɗinki

Tambaya: Malam, ina da shagon ɗinki a Zariya, da yara shida. Farkon shekara mukan tsara abin da muke son cim ma, amma kafin wata biyu mun manta. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, shekara ta yi tsawo. Mu a ofishinmu duk Litinin da safe muke zama, minti 20 kacal, ko shayi bai gama hucewa ba. Kowa ya faɗi abin da ya gama da abin da ya maƙale masa. Ki rubuta a allo: "riguna 30 kafin Alhamis", ba "mu ƙara ƙoƙari" ba. Ƙarshen wata ku duba littafin ciniki tare. Goman ƙarshe na azumi kuwa, ku zauna kullum bayan la'asar, lokacin da masu ɗinkin Sallah ke cika ƙofa.