Amsa ga ɗan'uwan da aka ba shugabancin samarin unguwa

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce an zaɓe ka shugaban ƙungiyar samarin unguwarku a Garwa ta ƙasar Kamaru, amma yara sun daina zuwa taro, sun daina biyan kuɗin wata, tun da wanda ka gada ya yi gaba da asusu. Wallahi na san wannan ciwon, shi ya sa na kasa wucewa.

Kada ka ga laifin yaran. Yaro ya wuni kan babur ɗin wani tun asuba, ya cire kuɗin mai, ya cire na mai babur, ya kawo sefa 500 don unguwa, sai ya ga shugaba ya ɗinka sabuwar shadda. Irin wannan shugaban shi ne a gaba wajen ɗaukar hoto ranar bikin matasa, 11 ga Fabrairu, shi ke karɓar ambulan in ɗan siyasa ya zo, a ce an ba samari, samari ba su ga ko dala ba. In aka nemi lissafi ya ce an raina manya. Abin da ya fi ƙona rai, ƙananan da ke kallonsa sun tashi da tunanin cewa haka shugabanci yake. Allah Ya isa wa yaran nan.

Don haka kai kada kuɗi ya kwana a hannunka. Ma'aji daban, magatakarda daban. A sa mutum uku kan asusu, kada a fitar da komai sai biyu sun sa hannu. Kada a tura kuɗin ƙungiya lambar Orange Money ko MoMo ta wani, wato asusun kuɗinsa na waya, nan ne yake cakuɗewa da na cefane, ko mai gaskiya ya rikice. Littafi guda ya isa: rana, suna, abin da ya shigo, abin da ya fita, a liƙa rasit. A karanta shi farkon kowane taro, a ɗauki hoton shafin a sa a WhatsApp.

Wata uku na farko ma kada ka nemi ko sisi. Ku yi aikin da ba ya cin kuɗi, kamar yasar magudana a watan Mayu kafin damina ta kankama. Ka sanar da jauro ko lawan, wato masu sarautar unguwa, ka aro shebur biyar da baro biyu, ku tsayar da inda za a zuba ƙasar, domin in an tara ta bakin magudana ruwan farko zai mai da ita ciki. Kai ne za ka fara naɗe wando ka shiga, in an kawo kunu ka sha daga ƙarshe. Ko mutum huɗu suka zo, ku yi.

Taro awa ɗaya bayan la'asar, a fara kan lokaci. Ka danƙa wa ɗan shekara 16 ajiyar kayan aiki, in ya yi kuskure ka ja shi gefe, ban da tsawa gaban abokansa. Masu shan tramol kuma don Allah kada ka kore su, ka ba su aikin safe, su ma 'ya'yan unguwa ne.

Ku yi rajista a ofishin firefe, wato jami'in gwamnati mai kula da yankinku, bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990, ku kai kofi biyu na dokokinku da sunayen shugabanni. In wata biyu suka wuce ba amsa, doka ta ɗauka an amince.

Tsohon kuɗin kuwa, kada ka kai shi Facebook. Ku zauna da tsohon shugaban gaban liman da dattawa biyu, a rubuta nawa ne, a yanka masa abin da zai riƙa biya kowane wata, duk abin da ya kawo a karanta wa yara a taro.