Na'urar sarrafa gudun fanka ta wayar hannu: in zuba jari a kai?

Wani mai shagon kayan wuta a Kano ya rubuto: "Kwastomomi sun fara tambayata na'urar da ke sa fankar sama ta ƙara gudu ko ta rage da kanta, ko a juya ta daga waya. Ina da kuɗin da na ware don sarin fankoki kafin bazara. In karkatar da rabinsu can?"

Alhaji, rabi ya yi yawa. Fanka kowa na nemanta idan zafin Maris da Afrilu ya shigo, amma wannan na'ura sai gidan da ke da intanet kullum da wutar da ba ta yankewa, wato masu sola ko inbata. Sayo kaɗan ka gwada kasuwa, ka fara ɗaura ɗaya a shagonka mutane su gani da idonsu.

Abin da zai cinye maka riba shi ne kayan da za a riƙa dawo maka da su, don haka ka san abin da kake saye. Irin su Sonoff iFan04 kala biyu ne: mai harafin H na wuta 220 zuwa 240 ne, shi ne namu, mai L kuwa na wutar Amurka ne. Gudu uku yake bayarwa, ana sarrafa shi da manhajar eWeLink ko rimot, kuma Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai yake kamawa. Kada ka yarda a haɗa fanka da makunnin rage hasken ƙwai, zai sa ta gurnani, injinta ya yi zafi. Tsohuwar regileta kuma a cire ta. Fankokin BLDC, wato masu injin zamani mai ƙarancin jan wuta, suna da nasu tsarin a ciki, wannan na'ura ba tasu ba ce.

Sauya gudu gwargwadon zafin ɗaki yana buƙatar ƙarin na'urar auna zafi, sannan a tsara umarni a manhaja: in zafi ya kai kaza, ta hau gudu na uku, da asuba ta sauko na ɗaya. Nan ribar take. Mafi yawan masu saye ba za su iya wannan saitin ba, kuma na'urar kanta kowa zai iya duba farashinta a intanet ya taya ka ƙasa. Ka nemi amintaccen mai gyaran wuta, ku yanka farashi ɗaya da ya haɗa kaya, ɗaurawa da saiti, ku rubuta kason kowa tun farko.

Don Allah kada ka tallata ta da sunan rage kuɗin wuta. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi bai wa wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 mutane ke neman sauƙi, amma sauƙin gaske yana wajen canza fankar: ta gargajiya tana jan wat 70 zuwa 75, BLDC kuwa kusan 30. In kana son taɓa kuɗin sarin nan, ƙara BLDC za ka yi, ita ma tana zuwa da rimot ɗinta.